Ya haddace shirin batsar Turawa, babansa ya ce sai makarantar kwana a gida

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a wani gari a arewacin Ingila inda maigidana yake aikin asibiti. Babban ɗanmu shekararsa 15, yana aji na goma. Da muka zo ƙasar nan ya yi kusan shekara ba shi da aboki ko ɗaya, 'yan ajinsu har kwaikwayon Turancinsa suke yi. Kwanakin baya sai na ga ya sake, ya yi abokai uku, kullum yana ɗaki da waya yana ƙyalƙyala dariya. Na yi ta murna, ashe wani shiri yake kallo wai shi The Inbetweeners. Ban farga ba sai ranar da ƙanwarsa 'yar shekara 9 ta faɗi wata kalma muna tsakiyar cin abinci, kalmar da ni da girmana ba zan iya maimaitawa ba. Aka tambaye ta, ta ce a bakin Yaya ta ji. Babansu ya karɓe wayar, ya kalli shirin minti biyar ya kashe, jikinsa na rawa. Ya duba hirarsa da abokansa, duk maganganun shirin suke jifan juna da su, har da sunan wata 'yar ajinsu a ciki. Yanzu ya kafe a kan in an yi dogon hutu mu tafi gida da sunan ziyara, ya bar shi wajen wansa a sa shi makarantar kwana, kuma ya ce kada in kuskura in gaya masa. Yaron ya daina fitowa cin abinci da mu. Da na matsa masa sai ya ce: "Mama, kowa a makaranta ya kalla, wasa ne kawai. Da shi na samu suka fara yi mini magana." Yana sallarsa, karatunsa bai ja baya ba. Ina tsoron ya lalace a nan, ina kuma tsoron in yaudare shi ya tsane ni. Yaya zan yi?

Uwa mai damuwa, Ingila

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da fama, Allah ya shirya mana su baki ɗaya. Duk uwar da ta ji irin wannan kalma a bakin 'yarta mai shekara 9 dole hankalinta ya tashi, kuma ban ga laifin Baban yara ba da jikinsa ya yi rawa. Amma tun da hutun bai zo ba tukuna, muna da sararin da za mu zauna mu duba lamarin da kyau kafin a yanki tikiti.

Bari in fara da shirin kansa, don na lura a cikinku babu wanda ya kalli fiye da minti biyar. Tsohon shiri ne, ya ma girmi ɗanki. Tashar E4, ta kamfanin Channel 4, ita ta fara nuna shi a 2008, aka kammala a 2010, zango uku, kashi 18 gaba ɗaya, sannan fina-finai biyu suka biyo baya a 2011 da 2014. Damon Beesley da Iain Morris ne suka rubuta shi. Labarin samari huɗu ne da suke shekarun ƙarshe na sakandare a wata makarantar gwamnati. Akwai Will, wanda aka cire daga makarantar kuɗi bayan auren iyayensa ya mutu, ya shigo ranar farko riƙe da jakar hannu irin ta manyan ma'aikata, nan take aka mayar da shi abin tsokana. Akwai Simon, da ya mace a kan wata yarinya mai suna Carli, yana yawo a wata 'yar ƙaramar Fiat ruwan ɗorawa da kowa yake yi wa dariya. Akwai Neil, kansa ba ya ja sosai amma ba ruwansa da kowa. Sai Jay, sarkin shaci-faɗi, kullum da labarin matan da ya yi hulɗa da su, har da cewa ƙungiyar West Ham ta taɓa gwada shi a ƙwallo, kuma duk ƙarya ce.

Ba zan yi miki kwaskwarima ba, batsa ce tsagwaronta. Ashar, ambaton al'aura, shan giya har a yi amai, kiran juna ɗan luwaɗi da sunan zagi, da maganar 'yan mata babu ko ɗigon mutunci. Abokan Will ba su da hirar da ta fi ta surar mahaifiyarsa, a gaban idonsa, abin da a wajenmu ya isa a ba hammata iska. Su kansu Turawan ba su ɗauke shi shirin yara ba. A dokar Ofcom, hukumar da ke kula da kafafen watsa labarai a Birtaniya, irin wannan ba a sa shi a talabijin kafin ƙarfe 9 na dare. Hukumar tace fina-finai ta BBFC ta sa wa fina-finan biyu iyakar shekara 15 a sinima, faifan shirin kuma 18. 'Yan wasan da suka fito a matsayin samari huɗun, babu wanda bai kai shekara 20 ba lokacin da aka fara nunawa. An yi shi ne don manya su tuna wautar da suka tafka a samartaka su yi dariya. To kin ga maganar "wasa ne kawai" ba ta wanke shi ba.

Sai dai akwai abin da kallon minti biyar ba zai nuna wa Baban yara ba. Shirin ba ya ɗaukaka samarin nan. Kusan kowane kashi da tozarta yake ƙarewa: mai ƙarya asirinsa ya tonu, mai fankama ya ji kunya a bainar jama'a, mai neman yarinya ya kwafsa. Ko motar Simon ba ta tsira ba, ƙofarta ta fara cirewa aka liƙa mata wata ja a jikin rawaya, daga ƙarshe a cikin tafki ta ƙare. Babba in yana kallo ya san su ake yi wa dariya. Ɗan shekara 15 kuwa, musamman wanda yake cin karo da guntaye-guntayen shirin a TikTok da YouTube, zagin yake cafkewa, wajen da mai zagin ya sha kunya bai cika isowa gare shi ba. Abin da ya faru da ɗanki da abokansa ke nan.

Yanzu ki koma kan maganar da ya faɗa miki, don a ganina ita ce mafi muhimmanci a duk wasiƙar: "Da shi na samu suka fara yi mini magana." Yaron nan ya yi shekara yana shiga makaranta yana fita babu mai ce masa sannu, ana kwaikwayon harshensa. Ku manya kuna da juna, kuna da wajen aiki, kuna da waya ku kira gida. Shi awa shida ko bakwai yake yi kullum a tsakiyar yaran da suka taso tare tun firamare, suna da barkwancinsu da shi bai sani ba. Ranar da ya jefa wata magana daga shirin suka kwashe da dariya, ranar ya samu shiga. Ba mamaki ma a jikin Will ya ga kansa, sabon zuwa da ake yi wa dariya saboda ya bambanta da kowa. Wannan bai halatta masa batsa ba, amma ya nuna mana inda ciwon yake. In aka raba shi da shirin aka bar masa kaɗaicin, wani abin zai nema ya cike gurbin, kuma akwai waɗanda suka fi wannan muni nesa ba kusa ba. Samarin wannan shiri a wulaƙance suke ƙarewa, su kuwa irin su Andrew Tate da suka cika wayoyin yara maza a Ingila, raina mata suke tallatawa a matsayin hanyar zama gwarzo mai kuɗi da motoci.

Alamomin da kika ba ni ba na yaron da ya lalace ba ne. Yana salla, karatunsa yana nan, kuma da kika tambaye shi gaskiya ya gaya miki. Ƙin fitowa cin abincin ma ina kyautata zaton kunya ce ta haɗu da fushi. Ki dai tabbatar yana ci, ko da a ɗaki ne.

Inda nake so ku tsaya da gaske shi ne sunan yarinyar nan da ya fito a hirarsu. Maimaita maganar ɗan wasa daban, ɗora ta a kan 'yar mutane mai suna da iyaye daban. Makarantun Ingila ba sa wasa da wannan yanzu. Tun bayan rahoton da Ofsted, hukumar sa ido kan makarantun Ingila, ta fitar a 2021, wanda ya gano cewa cin zarafi ta hanyar kalaman batsa ya zama ruwan dare tsakanin ɗalibai, ƙa'idar da gwamnati ta ba makarantu ita ce kada a kawar da kai da sunan "wasa ne". Kowace makaranta tana da malamin da aka ɗora wa alhakin kare yara, kuma in ɗaya daga cikin abokan ya ɗauki hoton hirar ya kai ga yarinyar ko iyayenta, maganar tana iya kaiwa ga dakatarwa. In kuwa har akwai hoton tsiraicin wanda bai kai shekara 18 ba, ajiye shi a waya ma laifi ne a dokar ƙasar, ko da mai wayar yaro ne. Don haka ke da Baban yara ku sake karanta hirar da idon basira, ba cikin fushi ba. Me ɗanku ya rubuta da hannunsa? Shi ya kawo sunanta ko dariya kawai ya tura? Akwai hotuna? In kalamai ne kawai, ku sa shi ya goge nasa, ya kuma gaya wa abokan shi ya fita daga maganar yarinyar. In kun ga abin ya wuce nan, ko alamar ana damun ta a makaranta, gara ku riga kowa zuwa wajen malamin da ke kula da ajinsu. Iyayen da suka kawo magana da kansu ba a yi musu kallon waɗanda aka kirawo.

Shi kuma Baban yara, kada ki ɗauke shi abokin gaba a wannan magana. Tsoronsa na gaskiya ne. Ya baro gida don 'ya'yansa su samu abin da ya fi, yanzu yana ganin kamar da hannunsa ya kawo ɗansa inda za a raba shi da kunya, kuma zai ce miki icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yana da gaskiya a kan cewa ba za a zuba ido ba. Hanyar ce nake da ja a kanta.

Akwai abu ɗaya a cikin shirin da zan so ki ba shi labarinsa in ya huce. Jay ɗin nan, wanda ya fi kowa ƙazamin baki, marubutan sun nuna daga inda abin ya samo asali. Ubansa ne. Duk lokacin da uban ya fito, aikinsa shi ne ya muzanta ɗan a gaban abokansa, ya ce ba shi da amfani, babu macen da za ta kalle shi. Sai ki ga Jay mai cika baki ya yi tsit, ya sunkuyar da kai. Da ya samu budurwa ta gaske sau ɗaya, shawarar uban ce ta sa ya dame ta da bin diddigi har ta rabu da shi, ya yi ta kuka. Ba ina cewa maigidanki haka yake ba, Allah ya kiyaye. Ina nufin su kansu waɗanda suka ƙirƙiri batsar sun gane cewa yaron da ba ya iya magana da ubansa a kan zama namiji, a wajen sa'o'insa zai koya, kuma da ƙarya da batsa za su koya masa. Mu ma muna da abin da ya fi wannan a gidanmu. Ya zo a hadisi cewa wani saurayi ya je wajen Manzon Allah (SAW) yana neman a yi masa izinin zina. Mutane suka yi masa ca. Manzon Allah ya ce ya matso kusa, ya tambaye shi ko zai so wa mahaifiyarsa haka, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, yana cewa a'a, sannan ya ɗora hannu a kansa ya yi masa addu'a. Abin da wancan saurayi ya zo da shi ya fi na ɗanku nauyi, kuma matso da shi aka yi.

Maganar kai shi gida da dabara kuwa, ban goyi bayanta ba, kuma ina ganin zuciyarki ma ta riga ta gaya miki. Yaro mai shekara 15 da aka ce masa ziyara za a je, ya wayi gari an tafi an bar shi babu fasfo, abin da zai riƙe har girmansa shi ne uwa da uba sun haɗa baki sun yaudare shi. An yi irin wannan a 2024: wasu iyaye 'yan asalin Ghana mazauna Landan sun kai ɗansu Ghana da sunan duba ɗan'uwa marar lafiya, suka bar shi a makarantar kwana saboda tsoron ya faɗa cikin 'yan daba. Yaron ya nemi lauyoyi ya kai su ƙara. A farkon 2025 babbar kotu ta ba iyayen gaskiya, bayan 'yan watanni kotun ɗaukaka ƙara ta ce a sake sauraron shari'ar. Ko wa ya yi nasara, gida ya riga ya shiga kotu da jaridu, kuma su abin da suke gudu wuƙa ce da daba, ba barkwancin talabijin ba. Ga kuma karatu. Aji na goma da na sha ɗaya a haɗe suke, su ne shekaru biyu na shirin jarrabawar GCSE da ake rubutawa a watannin Mayu da Yuni na shekarar ƙarshe. Cire shi a tsakiya a kai shi tsarin WAEC ko NECO, rabin aikin da ya yi ya tafi a banza. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, wayar da ke Ingila ita ce a Kano da Zariya, kuma duk wanda ya yi makarantar kwana ya san hirar da ake yi a ɗakin kwanan samari bayan an kashe fitila. Da Hausa ma ake yin ta.

Wannan ba ya nufin komawa gida laifi ne. Iyalai da dama sun yi sun ga amfaninsa. In Baban yara yana ganin yaron yana buƙatar shaƙar iskar gida, ku tafi hutun duka, da tikitin dawowa a hannunsa, ya yi makonni cikin kakanni da kawunnai da 'yan'uwa sa'o'insa, inda babu mai dariyar harshensa. In kuma bayan GCSE kuna son ya yi shekara biyun ƙarshe a gida, a zauna da shi a yi maganar a fili, a duba makarantar tare.

Yadda za ki tunkari maigida: ki nemi lokacin da yara ba sa kusa kuma ba a gajiye ya dawo ba. Ki fara da nuna masa kina tare da shi a kan cewa abin ba zai ci gaba ba. Kada ki zagaya ki tona wa yaron shirin a ɓoye, wannan zai raba kanku. Amma ki gaya masa cikin ladabi cewa in ɗanki ya dube ki ya tambaya, ba za ki iya yi masa ƙarya ba. Ki roƙi alfarmar a ba yaron wa'adi zuwa ƙarshen wannan zangon karatu, da sharuɗɗan da shi Baban zai gindaya da kansa. In ya ƙi saurara, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, limamin masallacinku ko shi wan nasa da ake shirin kai wa yaron. Sau da yawa wanda za a ɗora wa riƙon ne yake fara cewa a bi a hankali. Kuma don Allah a kiyaye hannu. Scotland da Wales sun haramta dukan yara gaba ɗaya, a Ingila ma dukan da ya bar tabo laifi ne, kuma malaman makaranta wajibi ne su kai rahoto in sun gani.

Sharuɗɗan ba sai sun yi yawa ba. A mayar masa da wayar, don da ita ake aikin makaranta kuma da ita yake riƙe da abokan da ya sha wuya kafin ya samu, amma ta riƙa kwana a falo. In Android ce ku sa mata Family Link, in iPhone ce akwai Screen Time, ku sa lambar sirri a manhajar Channel 4 da Netflix, kamfanin intanet ɗinku ma yana da matatar da ake kunnawa kyauta. Ku yi a gabansa, ku gaya masa dalili. Yaran yanzu sun fi mu sanin hanyar zagaye waɗannan, don haka kada ku ɗauka an gama da an danna maɓalli. Shirin dai a ce masa ba yanzu ba, kuma kalmominsa ba sa shigowa gidan nan. Ya ba ƙanwarsa haƙuri, shi da bakinsa ya gaya mata kalmar ba ta da kyau kuma ya yi kuskure. Ita kuma kada a yi ta nanata mata maganar, in aka cika zuzuta kalma a wajen 'yar shekara 9 sai ta ƙara riƙe ta.

Abokan nan uku, ki gayyato su. Ki dafa musu dafa-duka da kaza ranar Asabar, su buga wasansu na ƙwallo a talabijin a falonki. Za ki san ko su waye, su ma za su san yana da uwa da ƙanne da gida mai mutunci, kuma yaro yakan ji nauyin yin wata magana a gaban wanda ya ci abincin mahaifiyarsa. Wataƙila ki tarar yara ne masu ladabi da bakinsu ya fi ƙarfinsu, wataƙila kuma ki gano ɗaya ne yake jan sauran. Ki nema masa wani wajen samun abokai ban da makaranta, ƙungiyar ƙwallon unguwa ko ta matasan masallaci.

Babban aikin na Baban yara ne, kuma ba a falo za a yi shi ba, ana zaune ana kallon juna. Ya ɗauke shi a mota, ko su taka zuwa masallaci su biyu. Ya tambaye shi wane ne ya fi burge shi cikin samari huɗun, me ya sa, kuma shi Jay da me ya ƙare. Ya tambaye shi yaya zai ji in sunan ƙanwarsa ne a irin wannan hira a wayar wasu. Daga nan maganar balaga ta samu ƙofa: mafarki, wanka, sha'awa, abin da ake yi da ita. Malamanmu ba su ji kunyar koyar da wannan ba, yana cikin Ahalari da Ishmawi da yara suke karantawa a makarantun gida. Makarantarsa ma tana koya masa nata, don tun 2020 darasin zamantakewa da jima'i wajibi ne a sakandaren Ingila, kuma kuna da damar neman a nuna muku abin da ake koyarwa. Kowa yana yi wa yaron nan bayani a kan wannan fanni, makaranta da waya da abokai, saura mahaifinsa.

Ke kuma yau da dare ki ɗauki abincinsa ki kai masa ɗaki da kanki, ki zauna. Ki gaya masa kin ji abin da ya ce game da shekarar da ya yi babu aboki, kuma kin ji zafinta. Sannan ki gaya masa abin da ya yi ba daidai ba ne, musamman maganar yarinyar, kuma gobe kina son ganinsa a wajen cin abinci. Ki sake rubuto mini bayan kun yi magana da Baban yara, ki gaya mini abin da kuka tarar a hirar, don shawarar da za ta biyo baya ta dogara a kansa. Allah ya daidaita tsakaninku, ya raya mana su bisa tafarki.